Ƙirƙirar karin Italiyanci na ƙasar mallakar da tarihi bai taɓa gani ba

*"Malam, ina rubuta ƙagaggen labari irin na 'da a ce', inda Italiyawa suka kafa ƙasar mallaka a gaɓar Kudancin Amurka shekaru 400 da suka wuce, jikokinsu kuma suna nan har yau. Ina so mutanen su riƙa magana da karin harshensu na kansu. Na gwada sauya wasu haruffa, na zuba kalmomin Sifaniyanci, amma abin ya fito kamar wasan yara. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi ya zama kamar gaske?"*

Abin da kake nema, in na fahimce ka, shi ne karin harshen da wanda ya san Italiyanci zai karanta ya ce lallai da an yi wannan ƙasa, haka mutanenta za su yi magana. Inda aikinka ya karkace shi ne wurin farawa. Ka ɗauki Italiyancin littafi na yau kana yi masa kwaskwarima, alhali mutanen da za su hau jirgin ruwa shekaru 400 da suka wuce ba shi suke yi ba. Ko a 1861, shekarar da Italiya ta zama ƙasa ɗaya, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kashi 2.5 cikin 100 ne kawai na jama'a ke iya daidaitaccen Italiyanci. Wasu masana sun ɗaga adadin zuwa kusan kashi 10, amma ko da hakan, tara cikin goma harshen garinsu suke yi. Mutumin birnin Jenowa da na Napoli da na yankin Veneto in suka haɗu kowa na yin nasa, da ƙyar za su fahimci juna. Saboda haka tambayoyi uku za ka amsa kafin ka taɓa harafi ko ɗaya: daga wane gari suka taso, a wace shekara, kuma su wa suka tarar a can.

Abin da ya faru a zahiri

Ba sai ka yi ta lalube a duhu ba, domin tarihi ya riga ya yi wannan gwaji sau da yawa, sakamakon kuma ya bambanta ƙwarai.

Na farko shi ne kudancin Burazil. Daga 1875 manoma daga arewacin Italiya suka fara sauka a jihar Rio Grande do Sul, a yankunan da yau ake kira Caxias do Sul da Garibaldi da Bento Gonçalves. Fiye da rabinsu 'yan Veneto ne, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan Lombardiya, sauran daga Trentino da Friuli. Da iyalansu suka zo, aka ba su daji su sare, suka zauna nesa da masu Fotugisanci. Kare-karen harshensu suka gauraya, na Veneto ya rinjaya, aka samu abin da ake kira Talian. Ya sha matsi a zamanin shugaban Burazil Getúlio Vargas, musamman daga 1942 da Burazil ta shiga yaƙi da Italiya aka hana magana da shi a bainar jama'a, duk da haka bai mutu ba. A 2009 garin Serafina Corrêa ya ba shi matsayin harshen hukuma tare da Fotugisanci, a 2014 kuma gwamnatin tarayya ta amince da shi a matsayin gadon al'adar ƙasa. Irin wannan ne ya faru a Chipilo ta ƙasar Meziko, inda 'yan Segusino da ƙauyukan kewayenta suka sauka a 1882, jikokinsu na yin karin Veneto har yanzu.

Na biyu ya fi kusa da zamanin labarinka. Wajen shekarun 1540 iyalan Lomellini na Jenowa suka kai masunta daga Pegli, kusa da Jenowa, zuwa tsibirin Tabarka a gaɓar Tunisiya domin tsamo murjani. Sun yi kusan shekara 200 a can, sannan a 1738 wasunsu suka koma wani tsibiri kusa da Sardiniya suka kafa Carloforte, a 1770 kuma aka kafa Calasetta. Harshensu, Tabarchino, har yau na Jenowa ne a nahawu da furuci. Zaman Tunisiya ya bar masa kalmomi, kamar *cascà*, wato kuskus. Ka lura da wannan sosai: shekara 200 a tsakiyar masu Larabci, ƙashin harshen bai sauya ba, kayan abinci da na sana'a ne suka shigo.

Na uku shi ne Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Italiyawa sun kwarara can da yawan gaske, amma birni suka shiga, makaranta da aiki duk da Sifaniyanci ake yi, harsunan biyu kuma 'yan'uwa ne na kusa. Sai aka samu Cocoliche, gaurayen maganar baƙi 'yan zuwan farko, wanda 'ya'yansu suka watsar. Abin da ya rage kalmomi ne a bakin 'yan Ajantina: *laburo* aiki, *fiaca* kasala, *chau* sai an jima.

Na huɗu shi ne ƙasashen da Italiya ta mallaka da gaske: Iritiriya daga 1890, Somaliya, Libiya daga 1911, Habasha daga 1936 zuwa 1941. A nan babu wani karin Italiyanci na gado da ya kafu, saboda zaman bai yi tsawo ba kuma baƙin sun koma. Abin da ya fito a Iritiriya da Habasha sauƙaƙaƙƙen Italiyanci ne na tsakanin ubangida da ma'aikaci, kwatankwacin Barikancin da aka yi da Hausa a barikokin soja. Aikatau ba ya sauyawa da mai aikatawa, siga ɗaya ce ta yanzu, ɗaya ta abin da ya wuce, *p* kuma ta koma *b*, har *per* ta zama *ber*. Sai kalmomin da suka zauna a harsunan ƙasa, kamar *makina* mota a Amharanci, da *baasto* taliya da *boorso* jaka a Somaliyanci.

Wato maganar ƙasa ɗaya ta fita waje ta haifi abu huɗu dabam-dabam, abin da ya raba su kuwa lissafin mutane ne. Shin mata da yara sun zo? Baƙin sun fi 'yan ƙasa yawa a inda suke zaune? Da wane harshe ake makaranta da coci da kotu? Jiragen gida suna ci gaba da zuwa, ko zumunci ya yanke?

Mu ɗauki misali mu bi shi

Akwai wata mahaɗar tarihi ta gaske da ta dace da labarinka. A 1608 Ferdinando na Ɗaya, mai mulkin Tuskani a tsakiyar Italiya, ya tura wani kyaftin Bature ɗan Ingila mai suna Robert Thornton daga tashar Livorno ya dubo gaɓar Amazon da Giyana da niyyar kafa zango. Thornton ya dawo a 1609 ya tarar Ferdinando ya rasu a watan Fabrairun shekarar, magajinsa Cosimo na Biyu kuma bai da sha'awar maganar. Ka bar Ferdinando ya ƙara shekara goma a duniya, ka samu ƙasarka, a yankin da yau Cayenne, babban birnin Giyanar Faransa, take.

Wannan zaɓi ya yanke maka abubuwa da yawa. Jiragen daga Livorno za su tashi, don haka tushen harshen shi ne karin yammacin Tuskani, na Pisa da Livorno. Livorno kuma a lokacin tasha ce ta kowa da kowa: dokokin 1591 da 1593 sun gayyato Yahudawan da aka kora daga Sifen da Fotugal, da Girkawa da Armeniyawa da sauran fatake. Ga kuma matuƙa jirgi 'yan Jenowa da 'yan Kosika. Ke nan kalmomin Fotugisanci da Sifaniyanci za su iya shigowa tun cikin jirgi, ta bakin 'yan kasuwa, kuma za su fi yawa a fannin ciniki da lissafi.

Waɗanda suka fara sauka su ke yanke hukunci, ko da daga baya an fi su yawa. Suriname, maƙwabciyar ƙasarka, ita ce shaida. Turawan Ingila sun riƙe ta daga wajen 1651 zuwa 1667 kawai, Holan ta karɓa ta yi shekara fiye da 300, amma Sranan, harshen titi na ƙasar, har yau yawancin kalmominsa na asali daga Ingilishi suke. Dalili shi ne kowane sabon zuwa wurin wanda ya tarar yake koyo. To in a labarinka dubban 'yan Veneto ko Sisili za su iso a 1880, kada ka bari su kifar da harshen. Za su ƙara kalmomi, za su iya kafa ƙauyukansu masu nasu kari, amma 'ya'yansu da suka shiga gari harshen gari za su ɗauka.

Sai magana mai nauyi wadda ba a tsallake ta. Ƙasashen mallaka na wannan gaɓa a ƙarni na 17 da na 18 gonakin rake ne da aka gina a kan bayin da aka kwaso daga Afirka. In taka ma haka take, harshe biyu za ka gina: karin Turawan gari, da kuma sabon harshen da zai fito a gonaki, mai kalmomin Tuskani da nahawu na kansa, kamar yadda aka samu a Suriname da Haiti. A wurin aiki ina amfani da wannan awo: in masu harshen a matsayin na uwa sun kai rabin jama'a, karin harshe za a samu, in ba su kai ɗaya cikin biyar ba, sabon harshe ne zai fito a bakin mafi rinjaye. Awo ne na sauƙaƙa aiki kawai. Sauyin harshe ba ya bin lissafi daidai, duk abin da za ka gina mai yiwuwa ne, ba tabbatacce ba.

Furuci: dokoki kaɗan, a bi su ko'ina

Nan ne mafi yawan masu ƙirƙira ke faɗuwa. Suna sauya kalma ɗaya don ta yi daɗin ji, su bar 'yar'uwarta mai sauti iri ɗaya. Sauyin sauti kuwa a harshe na gaske duk kalmar da ta cika sharaɗi yake kamawa. Ka duba Hausa: tunda ba mu da *p* a matsayin sauti mai zaman kansa, fetur da fensir da famfo duk hanya ɗaya suka bi. Ka zaɓi dokoki biyar zuwa bakwai, ka rubuta su a jere bisa tsarin faruwarsu, ka bi da kowace kalma ta cikinsu.

Tuskani ta ba ka huɗu kyauta. Ta farko, sautin *k* tsakanin wasula biyu yana zama *h*: *la casa*, gida, ana furta shi *la hasa*. A Pisa da Livorno na yau sautin kan ɓace gaba ɗaya, *amico* aboki ya zama *amìo*. Amma akwai sharaɗin da zai nuna ko ka san abin ko kwaikwayo kake: bayan baƙi sautin ba ya sauyawa, *in casa* yana nan yadda yake, bayan *a* kuma ninkuwa yake yi, *a ccasa*. Wanda ya rubuta *a hasa* ya tona kansa. Ta biyu, *l* kafin baƙi tana komawa *r*: *caldo* mai zafi ya zama *cardo*, *alto* dogo ya zama *arto*. Ta uku, *uo* na komawa *o*: *bono*, *novo*, *omo*. Ta huɗu, ana yanke wutsiyar aikatau: *mangiare* ya zama *mangià*, *andare* ya zama *andà*.

Sauran biyu ko uku su ne naka, na bayan sauka, kuma daga cuɗanya za su fito. Wadda na fi ba da shawara ita ce zubar da ninkin baƙi, *gatto* kyanwa ya zama *gato*, *bella* ta zama *bela*. Faransanci da Fotugisanci da Holanci da ke kewaye duk ba sa ninka baƙi a furuci, mai koyon harshe da girma kuma shi ne abin da yake fara yarwa. A nan jerin dokoki ke da amfani. In sassautar *k* ta riga zubar da ninki, *secco* busasshe zai zama *seco* da *k* ɗinsa lafiya lau, *amico* kuma *amìo*. In ka juya jerin, *secco* zai zama *seo*, kalmomi da yawa su rikice. Irin wannan rashin daidaito mai dalili shi ke sa harshe ya yi kama da tsoho.

Nahawu

Karin harshe na ƙetare yana yin abu biyu a lokaci guda: yana riƙe tsohon abin da gida ya yar, yana kuma sauƙaƙa abin da baƙi suka kasa. Ka ba shi kaɗan daga kowanne.

A ɓangaren riƙo, ka bar *voi* a matsayin wakilin sunan girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". *Lei*, wanda Italiyancin yau ke girmamawa da shi, ya bazu ne a fadoji a ƙarni na 16, manomi da matuƙin jirgi kuwa *voi* suka sani, kuma har yau a kudancin Italiya ana jin sa. Ka bar *babbo* a matsayin uba, ka bar *codesto*, mai nuna abin da ke kusa da wanda ake yi wa magana, wanda a yau kusan Tuskani kaɗai ke amfani da shi a baki. Ka ɗauki *noi si va* a madadin *andiamo*, "muna tafiya", domin gini ne na Tuskani na gaske, kuma yana rage maka siga ɗaya a kowane aikatau.

A ɓangaren sauƙaƙawa, gwargwadon yawan masu koyo da girma za ka auna. Hausar wasu zangunan Gana ta nuna yadda abin ke tafiya: inda harshe ya zama na haɗa ƙabilu, bambancin jinsin namiji da tamace na daga abin da ke fara raunana. Ga karin gari, ya isa ka daidaita wasu aikatau masu taurin kai ka rage sigar fata da shakka. Ga harshen gonaki za ka iya tafiya nesa: jinsi ya faɗi, aikatau ya tsaya a siga ɗaya, a riƙa nuna lokaci da ƙananan kalmomi a gabansa, misali *già* ga abin da ya wuce, *sta* ga wanda ake cikin yi, *va* ga mai zuwa. Wakilan suna su zama *mi* da *ti*, kamar yadda suke a tsohon harshen fatake na tashoshin Bahar Rum.

Ga jimla ɗaya a matakai uku, biyun ƙarshe ƙirƙirata ce bisa dokokin nan. Ma'anarta: muna zuwa gidan aboki mu ci rogo mai zafi. Daidaitacce: *Andiamo a casa dell'amico a mangiare la manioca calda.* Karin gari: *Noi si va a casa del'amìo a mangià la maniòa carda.* Harshen gonaki: *Noi sta andà casa amìo mangià maniòa cardo.* Ka ga *casa* ta riƙe *k* ɗinta saboda a da ninkakkiya ce bayan *a*, *manioca* kuwa, duk da kalmar aro ce, ta rasa nata saboda ta shigo da wuri.

Kalmomi

Ka raba su hawa-hawa bisa shekarar shigowa. Jiki, dangi, ƙidaya, aikatau na yau da kullum, duk na Tuskani ne, kada ka taɓa su da aro sai da dalili mai ƙarfi. Itatuwa, kifaye, kwale-kwale, sarrafa rogo, daga mutanen ƙasa za su zo, Kalina da Lokono, wasu kuma ta hanyar Fotugisawan da suka kafa Belém, kusa da bakin kogin Amazon, a 1616. Garin rogo soyayye da ake kira *couac* a Giyanar Faransa zai iya zama *cuaco* a bakin mutanenka, tunda kalmar Tuskani da wasali take ƙarewa. Kiɗa, wasu abinci, renon yara da magungunan gargajiya za su ɗauki kalmomin Afirka. Akwai kuma tsohuwar kalma da aka ɗora wa sabon abu, wanda ya fi aro yawa a zahiri: baƙo ya ga dabbar da bai sani ba sai ya kira ta da sunan wadda ta yi kama da ita a gida, don haka damisar Amurka za ta iya zama *tigre*, kamar yadda ake ce mata a wurare da dama na yankin.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kalmar da ba ta kai zamaninta ba. Gaisuwar *ciao* daga Veneto take, asalinta *s-ciavo*, wato "bawanka ne", kuma sai a ƙarni na 19 da na 20 ta bazu a sauran Italiya. 'Yan Livorno na 1610 ba su tafi da ita ba. In kana son ta a labarin, ka bar 'yan zuwan 1880 su kawo ta, tsofaffin gari su riƙa jin ta a matsayin maganar baƙi. Haka jirgin ƙasa, mota, lantarki, waya: in ƙasarka ta faɗa hannun Faransa ko Holan kafin a ƙirƙiro su, sunayensu daga can za su zo. In kuma tana tare da Italiya har ƙarni na 20, rediyo da makaranta za su ja harshen su mayar da shi kusa da daidaitacce, karin ya koma na ƙauye da na tsofaffi. Dole ka zaɓi ɗaya, domin wannan ne zai nuna nisan da harshen zai yi.

Game da rubutu, ka tuna cewa malaman coci da magatakarda Italiyancin littafi za su rubuta, wanda ƙamus ɗin 1612 na ƙungiyar masana harshe ta Accademia della Crusca ya tsayar. Karin zai daɗe a baki kawai. Ranar da aka fara rubuta shi, da ƙa'idar makarantar da marubucin ya yi za a rubuta: wanda ya yi makarantar Faransa zai sa *ou* a wurin *u*, wanda ya yi ta Holan zai sa *oe*. Wasiƙa ɗaya a cikin labarinka mai irin wannan rubutu ta isa ta gaya wa mai karatu wanda ya mulki ƙasar.

Yawan abin da kake buƙata bai kai yadda kake tsammani ba. Shafi ɗaya na dokokin furuci, shafi biyu na nahawu, da jerin kalmomi 250 zuwa 300 mai ginshiƙi huɗu: asalin kalma, harshen da ta fito, shekarar shigowa, sigar ƙarshe. Ginshiƙin shekara shi ke gaya maka dokokin da suka kama ta, domin kalmar da ta shigo a 1900 ba za ta bi sauyin da ya ƙare a 1700 ba. Kafin kalmomin gama-gari, ka fara da sunayen wurare, sunayen mutane da laƙabi, gaisuwa, kiran dangi, abinci da zagi, su ne za su fi fitowa a shafi. A cikin labarin kansa, jimla ɗaya ko biyu na karin a kowane babi sun wadatar, sauran zancen ka yi shi da Hausa, ka nuna bambancin mai gari da na gona da baƙo ta yadda kowannensu ke gaisuwa da kiran na gaba da shi. Kafin ka miƙa rubutun, ka sami wanda Italiyanci ne harshensa na uwa, in da hali ɗan Tuskani, ya karanta jimlolin da ƙarfi, domin yanke wutsiya da zubar da ninki kan haifar da kalmar batsa ba da niyya ba: *penne* alƙaluma da *anno* shekara, in aka cire musu ninki, sunayen al'aura suke komawa, irin waɗannan kuma sai ka nema musu wata kalmar dabam a cikin jerinka.